Katin Baba da Awakin Inna

A gidanmu na Kebbe ba a miƙa kuɗin cefane hannu da hannu. In Baba ya dawo daga masallaci da safe, Inna takan kai masa kunu a kwano an rufe da faifai. Ya sha kununsa, ya ajiye kuɗin a kan tabarma, ya kife faifan a kansu, ya fice gona. Inna ba ta ɗaga faifan sai ta ji ya ja ƙyauren zaure. Shi bai taɓa faɗin nawa ya ajiye ba, ita kuma ba ta taɓa ƙirgawa a gabansa ba. Da magariba, in ya gama cin tuwo yana wanke hannu, sai ya tambaya yana kallon wani wuri daban: "Sun isa dai?" Ita kuma daga bakin ƙofa ta ce, "Har da saura, Malam."

Ba su taɓa isa ba. Hatsi dai akwai a rumbu, amma nama da manja da tattasai da gishiri da sabulu duk sai an saya, kuma Baba rabonsa da sayen tattasai da hannunsa tun kafin ya yi aure. A ganinsa zubar da girma ne dattijo ya tsuguna gaban tire yana ciniki. Yana sayar da buhun gero da tsada yana murna, amma bai taɓa kawowa a ransa cewa mai tattasai ma yana irin wannan murnar ba. Don haka abin da ke ƙarƙashin faifai ya tsaya cak a farashin wani zamani, Inna kuma tana cike giɓin da sana'arta ta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Duk gidan mun sani. Baba kaɗai ne bai sani ba, kuma rashin saninsa shi ne abin da Inna ta fi kulawa da shi a duniya, fiye da kwanukan jerenta, fiye da awakinta. Mutum ne da duk alfaharinsa abu ɗaya ne, wato shi ke ciyar da gidansa, ba ya neman taimakon kowa.

Sai aka shiga lokacin nan da takardun kuɗi suka yi ɓatan dabo. Kana da kuɗi a banki, amma ba ka da ko na sayen ashana a aljihu. Baba yana da ɗan fansho na aikin da ya yi a sakatariya, ga shi ya sayar da maraƙi an biya shi ta waya. Na ɗauke shi a babur muka je banki a Tambuwal, muka wuni a layi, muka dawo ba ko sisi sai katin cirar kuɗi da suka ba shi. A lokacin ina koyarwa a firamare, ban yi aure ba, ina da babur, wato dai duk wani aike na gidan a kaina yake ƙarewa.

Washegari Inna ta ɗaga faifai ta tarar da kati kwance a kan tabarma. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kira ni ta ce in duba mata nawa ne wannan. Na ce ba a gani a jiki, duk abin da Baba ya mallaka yana ciki, abin da muka saya shi za a cire. Ta yi hamdala. A ranar na je shagon da ke bakin kasuwa, wanda shi kaɗai ke da na'urar POS a unguwarmu, na yi cefane na gaskiya. Mai shagon ne ke cirar kuɗin kowa ya raba wa mahauci da masu kayan miya. Sabis kuwa ba ya kamawa a cikin shagon, sai ya fito ya hau wani suri da ke bayan rumfar mahauta ya ɗaga na'urar sama, mu masu saye muna tsaye a ƙasa muna yi masa addu'a.

Abin da ba mu lissafa da shi ba shi ne wayar Baba. Kafin in iso gida ta yi ƙara a aljihunsa yana gona, saƙon banki ya shigo. Baba ba ya jin Turanci, amma ya yi shekaru yana rubuta lambobi a sakatariya, ba mai yi masa wayo a lamba. Ya baro gonar da fartanya a kafaɗa, ya same ni a zaure.

"Kai, wa yaƙ ƙwace maka katin ga a hanya?"

Na ce ba kowa. Ya nuna mini wayar. Ya ce to wannan kuɗin na mene ne, sa muka saya? Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, sai ga muryar Inna daga bayan labule, a natse kamar ba komai. Ta ce ai ita ce ta sa na haɗo cefanen kwanaki da yawa gaba ɗaya, tunda sabis ba shi da tabbas. Baba ya sauke ajiyar zuciya, ya ce dabara ce mai kyau, ya koma gona.

Da la'asar Inna ta zaunar da ni kusa da turmi ta tsara yadda za a yi. Kullum mai shago zai cire daga katin daidai abin da Baba ya saba ajiyewa a ƙarƙashin faifai, ko kwabo kada ya ƙaru. Sauran ita za ta cika. Mahauci dama yana bukatar ƙuli da mai don tsirensa, sai a riƙa biyansa da su. Mai shago kuma a kai masa mai ya sayar ya ɗauki nasa. Na ce mata wannan wahala ce kawai, ga kuɗi a cikin kati, mutumin nan yana da su, a faɗa masa farashin duniya ya canza a huta. Ta dube ni sama da ƙasa.

"In kaf faɗa mishi, ban yafe maka nonon da kash sha ba."

Haushi kuwa kamar ya kashe ni, don ni ne zan riƙa yawo da kati a aljihu ɗaya, galan ɗin mai a bayan babur, ina biyan miya ɗaya ta hanya biyu.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma Baba yana da majalisa a gindin darbejiya bayan sallar la'asar, shi da abokansa dattijai, kuma a kwanakin nan ba a hirar komai sai tsadar rayuwa. Kowa na kukan yadda iyali ke cewa kuɗin cefane ba sa isa. Baba ya yi ta saurare, rannan ya kasa haƙuri ya zaro waya ya nuna musu abin da aka cire masa na cefanen ranar, har da nama. Aka riƙa miƙa wayar hannu zuwa hannu. Akwai wani tsohon direba a cikinsu, mutumin Sanyinna ne asalinsa, wanda yake ganin ya fi kowa sanin duniya saboda ya taɓa kai kaya har bakin teku. Shi ne ya warware musu matsalar. Ya ce asusun Baba tsohon asusu ne, tun na zamanin aiki, saboda haka katin farashin da ya sani shi yake biya.

"Katin ga dattijo na," in ji shi. "Farashin dauri yas sani, shi shika biya. Yaran katunan ga na yanzu su aka cuta."

Ba wanda ya yi dariya. Baba ma ya gyaɗa kai, ya ce shi ma ya daɗe yana zargin haka.

A daren tsohon direba ya tayar da rigima a gidansa, ya ce matarsa ta shekara da shekaru tana yi masa sama da faɗi. Da safe ga ta a gidanmu, mayafi a karkace, tana tambayar Inna wane mahauci ne wannan da ke sayar mata da nama farashin zamanin da. Inna ta ja ta ɗaka suka rufe ƙofa. Da suka fito, matar direba tana dariya har da riƙe ciki. Ashe ita ma cikawa take yi, da kuɗin dakau da na kitso. Ashe duk matan unguwar haka suke yi, kowacce tana zaton ita kaɗai ce.

Kwana kaɗan bayan haka dattijan majalisa suka zo wa Baba da roƙo. Tunda Allah ya ba shi kati mai albarka, ya taimaka a riƙa haɗa cefanensu da nasa. Za su riƙa ba shi abin da ya kama a farashin katin, da ɗan tsabar da suka samu ko da hatsi. Baba mutum ne da ba ya iya cewa a'a in an yabe shi. Ya shigo gida fuskarsa na walƙiya, ya ce daga gobe in na tafi cefane in biya gida kaza da gida kaza in karɓi saƙo. Na waiwaya na dubi Inna. Tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce Allah ya ba da lada.

Haka na zama ɗan cefanen rabin unguwa. In an tashi daga makaranta in ɗaura kwando a babur, in bi gida-gida, in je in tsaya a gindin suri, mai shago yana sama da na'ura yana cire kuɗin da ni da shi da mahauci duk mun san na wasa ne. Mahaucin har ya saba, in ya hango ni sai ya ɗaga murya ya ce ga mai katin gwamnati nan, a ba shi hanya. Yawancin matan sun yi halacci. Da yamma sai ka ga ƙullin tsumma ya faɗo ta katanga, ko an aiko da kwanon gyaɗa, cikon kuɗin cefanensu ke nan. Mazansu suna gindin darbejiya suna yabon kati, su kuma suna jifa ta katanga.

Matar direba ce kaɗai ta ƙi. Ta ce ita ta gaji, ta yi shekaru tana cikawa ba godiya sai zargi, yanzu tunda an samu kati mai tuna farashin da, to ya ci gaba da tunawa. Mijinta kuwa da ya ga abu da araha sai ya buɗe ciki. Mutumin da a da sai ranar Juma'a ake sa nama a gidansa, yanzu kullum sai ya yi saƙon hanta, har da cewa a zaɓo mai kyau. Na tsani wannan tsoho a lokacin, ba zan ɓoye ba. In na kai masa ledarsa yakan buɗe ya duba a gabana, ya ce jiya ta fi yawa.

Ƙuli da mai suka kasa. Inna tana da awaki huɗu a turke, ja guda biyu, baƙa ɗaya, da wata fara mai ɗigon baƙi a goshi wadda ta fi so, don tagwaye take haifa. Aka fara da jajayen. Wani mai sayen dabbobi daga Fakku yakan zo ta ƙofar baya lokacin da Baba ke gona. Da Baba ya lura turke ya ragu, Inna ta ce ta aika su Fakku wurin ƙanwarta, can ciyawa ta fi. Baƙar ta bi su. Ranar da aka ja farar, Inna ta shiga ɗaka ba ta fito ba sai da kukan akuyar ya daina jiyuwa. Baba kuwa ya yaba da wannan tunani ƙwarai, har ya ce bai kamata a ɗora wa mutane nauyi ba, ya sa na ɗaura buhun dusa a babur in kai Fakku don awakin. Na kai wa ƙanwar Inna, ta karɓa ta ce a gaishe su, ta ba kajinta.

Na sake yi wa Inna magana, wannan karon da faɗa. Na ce turke ya zama fayau, saura me, kwanukanta? Ta ce in ta kama. Ta ce mutumin nan tun da ta zo gidansa bai taɓa cin abinci a waje ya bar su da yunwa ba, bai taɓa ɗaga mata murya a kan kuɗi ba, abu ɗaya yake taƙama da shi, ba ita za ta karɓe masa shi da tsufansa ba. Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni, duka a lokaci ɗaya.

Ana saura kwanaki azumi dattijan majalisa suka yanke shawara. Maimakon sayen tsinta-tsinta, a haɗa kuɗi a sayo jarkar manja da buhun sukari a raba, kuma a babbar kasuwa, a Tambuwal. Dama an kira 'yan fansho tantancewa, Baba zai je. Ya ce shi da kansa zai riƙe kati, yana so ya ga yadda yake aiki da idonsa.

Inna ta ce in ce babur ya lalace. Na faɗa, Baba ya ce ba komai, zai hau ɗan acaba. Babur ya gyaru nan take. Sai ta tuna tana da ɗan wata ƙanwa mai rumfar manja a kasuwar Tambuwal. Aka kira shi a waya, ta yi masa bayani, ya ce bai gane ba, ta sake yi, ya ce ya gane amma bai so ba. Ta ce ba ta tambaye shi abin da yake so ba, ya faɗi farashin da za ta gaya masa, cikon yana wuyanta.

Ranar kasuwa ce, Tambuwal ta cika. Muka gama da tantancewa, na riƙa jan Baba ta bayan rumfuna don kada ya ji ana ciniki, ina yi masa surutu a kan damina. Muka isa rumfar. Yaron ya durƙusa ya gaida Baba, aka yi gaisuwar gida, Baba ya nuna jarka ya ce nawa. Yaron ya haɗiyi yawu ya faɗi farashin Inna a hankali. Baba kunnensa ya ɗan yi nauyi, ya ce me? Yaron ya maimaita da ƙarfi.

Wata mata mai ƙosai tana gefe tana awon kwalba. Ta ajiye kwalbar ta ce a ba ta jarka biyu. Wani da ke wucewa ya tsaya. Kafin ka ce me, magana ta zaga layin 'yan manja cewa ga wani yana karyar da kaya, mutane suka yo ca a rumfar, masu rumfunan kusa suna zaginsa. Yaron ya ce wannan farashin na mai kati ne kawai. Baba ya ɗaga katinsa sama da alfahari don a gani. Sai kowa ya sa hannu a aljihu. A Tambuwal har mai tura baro yana da kati. Mai ƙosai ta zaro nata daga ƙullin zane ta ce nata ma tsoho ne, na marigayi mijinta ne. Wani ya riga ya rungumi jarka yana ja, yaron yana ja, gumi ya jiƙa masa riga. Da ya ga za a kwashe masa jari, sai ya fashe.

"Don Allah ku sakam min kaya! Ba wani kati! Innarmu ta ka cika sauran, Baba! Ita ka cikawa!"

Mutane suka watse suna tsaki, wasu suna dariya. Baba ya sauke hannunsa a hankali ya mayar da katin aljihu. Ya tambayi yaron ainihin kuɗin jarkar, aka faɗa masa. Ya tambayi na mudun sukari, da na gishiri. Daga nan ya wuce ni ya shiga layin kayan miya, ya tsuguna gaban tiren wata tsohuwa, abin da ban taɓa gani ba, ya tambayi kuɗin kashin tattasai. Bai sayi komai ba.

Hanyar komawa duk ramuka ce, ina jin yadda ya riƙe rigata ta baya. Da la'asar ta yi ya ce in tsaya a gindin wata tsamiya. Muka yi salla. Ya daɗe zaune yana jan carbi, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Tun yaushe?"

Na ce, "Na katin, ko na kafin katin?"

Ban yi niyyar faɗin haka ba, fita kawai ta yi. Ya juyo ya dube ni, na ga ya gane. Can ya ce, awakin fa? Na sunkuyar da kai. Ya ce, dusar da na kai fa? Na ce kaji sun ci. Ya yi wata 'yar dariya wadda ban so jinta ba, ya share fuska da hannun riga. Da muka tashi ya ce in na gaya wa Inna abin da ya faru a kasuwa bai yafe mini ba. Na ce to. Yanzu iyayena biyu kowanne ya ɗaure ni da nasa rashin yafiyar, a kan magana ɗaya.

A majalisa ya shaida wa dattijai cewa wurin tantancewa an sabunta katin, ya koyi farashin yanzu. Tsohon direba ya ce dama ya san za a rina, bai kamata a kai shi kusa da banki ba. Baba ya mayar wa kowa kuɗinsa, ya ce kuma kowa ya je ya ƙara abin da yake ajiye wa iyalinsa, kada ya tambaye shi dalili. A gida kuma, da safe, Inna ta ɗaga faifai ta ga kati da waya tare. Ya ce ƙararta ke damunsa a gona, ta ajiye a wurinta, kuma kada a sake kawo masa maganar lamba, idonsa ya gaji.

Bayan kwana biyu ya sayar da ɗaya daga cikin shanun nomansa, ana gab da damina, abin da manomi ba ya yi. Ya ce in kai shi Fakku. Muka nemo mai sayen dabbobin, ya bi da mu gida-gida inda ya sayar da awakin. Jajayen biyu da baƙar muka same su, masu su suka ga dattijo ya nace, suka tsuga masa kuɗi, ya biya bai yi ciniki ba. Farar kuwa an yanka ta a wani suna. Baba ya zaga garin kaf bai samu mai kama da ita ba, ƙarshe ya sayi wata ja mai ciki.

Da yamma muka shigo da su a motar kasuwa. Inna tana tsakar gida tana matsar ƙuli, hannunta duk mai. Baba ya ja igiyoyin da kansa har turke, ya ɗaure su ɗaya bayan ɗaya.

"Na biya Fakku na ɗauko miki awakinki," in ji shi. "Kiwon ya isa hakanan, kar mu cika ma mutane ciki."

Inna ta miƙe ta zo ta tsaya. Ta dubi jajayen, ta dubi baƙar, ta daɗe a kan ta huɗun. Baba ya yi gyaran murya ya ce ciyawar Fakku ƙarfi gare ta, har launin dabba takan sauya.

"Haka na, Malam," in ji Inna. "An sha faɗi."

Ta shafa bayan baƙuwar akuyar, man hannunta ya kwanta a gashin, ta juya ta shige madafa. Na ji tana hura wutar da ta riga ta kama.

Da magariba na zauna a zaure ina jira in ji ko za a yi tambayar. Baba ya ci tuwo, ya wanke hannu, ya daɗe yana goge yatsunsa ɗaya-ɗaya. Inna tana tsaye a bakin ƙofa ta zo ɗaukar kwano. Har na fara tunanin tashi. Can ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Sun isa dai?"

"Har da saura, Malam."

Wannan karon bai kalli wani wuri daban ba, ita ya kalla. Ya ce Allah ya yi mata albarka, ya sake faɗa, ita kuma ta ɗauki kwanon ta manta faifan a kan tabarma.